Furen da Bai Haɗu a Kusurwa Ba

Litinin, 3 ga Maris

Mun dawo daga wajen likitar gashin ƙashi. Ta miƙe yatsun Tela ɗaya bayan ɗaya, tana saki suna komawa su naɗe abinsu. Ta ce ƙafa ta yi kyau, baki ya dawo, saura hannun dama. Mako shida ta ba mu. Ran sha huɗu ga Afrilu za ta sake dubawa, in har lokacin yatsun ba su fara aiki ba, to wataƙila a haka za su sandare. Ni take kallo da tana faɗin haka, kamar ni na shanye su.

Wata biyu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge ta a gaban keken ɗinki. Shekara ashirin da huɗu hannun nan na riƙe da almakashi. Tun kafin mu yi aure nake kiranta Tela, har na kusa manta ba shi ne sunanta ba.

An ba mu ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Muna shiga gida ta ɗauke shi da hagu ta wurga ƙarƙashin gado. Jifar ta yi kyau, ban dai faɗa ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na koma wajen likitar ni kaɗai na kai ƙara. Ta ce in ƙwallo bai yi ba, a gwada yanka takarda da ninkewa. Ta ba ni takardu uku, kowace da zanen akwati a baje: layi mai kauri inda ake yankawa, ɗigo-ɗigo inda ake ninkewa, da 'yan kunnuwa a gefe inda ake shafa gam. Ta kuma tura mini asalinsu a waya in na so ƙari.

Na ajiye wa Tela a kan tebur, da sabon ƙaramin almakashi mai hannu ruwan ɗorawa.

Ta duba. Ta dube ni, ta kira ni da sunan da ta laƙaba mini saboda aikin tace rubutu. "Jan Biro, aikin 'yan nazare ka kawo mini?"

Na karanta yadda dauloli suka tashi suka faɗi, na karanta rayuwar mutanen da suka ƙetare teku da ƙaramin jirgi. Babu littafi ɗaya da ya gaya mini yadda ake sa mace mai zuciya ta yanka takarda.

Juma'a, 7 ga Maris

Takardun na nan. Ta ɗora kofin shayi a kan ɗaya.

Asabar, 8 ga Maris

Yau rabin yini muka yi a maɗaba'a. Ina tace wani littafi a kan kiwon kaji, na wuce shafi huɗu ban san abin da na karanta ba. Ni da shekara ashirin da shida ake ce wa ƙuda ba ya wucewa ta gaban birona.

Gwani, mai tsara mana shafuka, ya ga takardar a aljihuna. Sa'ana ne, tare aka ɗauke mu aiki, shi ya sa ba ya raga mini. Ya ce, "Wannan farar takarda kamar fom ɗin asibiti, ko ni ba zan taɓa ba. Yi mata ado mana." Ya buɗe zanen a manhajar gyaran hoto, ya jawo hoton wani fure ya cusa ƙarƙashin layukan, nan take akwatin ya yi riga.

Sai na tuna jakar ƙyallayenta. Duk rigar da ta taɓa ɗinkawa sai ta ajiye guntun yadin, kamar tafin hannu. Na sha yi mata tsiya cewa tarihin ƙasa take tarawa.

Gwani ya ara mini tsohuwar kwamfutarsa ta hannu. Ya ce in na ɓata ta zai rubuta "marigayi" a gaban sunana a shafin godiya.

Talata, 11 ga Maris

Abin hawa-hawa ne, kamar tabarma a kan tabarma. Zanen layuka a sama, hoton yadi a ƙasa. Sau uku ina ɗora yadin a sama, layukan su ɓace, in zauna ina zufa ina cewa na kashe wa mutum kwamfuta. Sau ɗaya kuma na ɗauki magogi na share rabin murfin akwatin.

Akwai wani maɓalli da in ka danna, abin da ka ɓata ya dawo yadda yake. Na daɗe ina dannawa ba dalili. Wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa zama a barandar asibiti ba, da ya san ba a yi wa mutum irin wannan gori.

Saura kwana talatin da huɗu.

Alhamis, 13 ga Maris

Da hantsi tana shan iska a tsakar gida, na shiga ɗakin ɗinki kamar ɓarawo. Keken na lulluɓe da zani. Tef ɗin awo na rataye inda ta bar shi. Na zazzage jakar a bakin taga na ɗauki hoton ƙyallaye goma sha ɗaya. Wasu na gane su: shuɗi mai farin fure na rigar da 'yarmu Auta ta sa ranar gama makaranta, da wani mai ratsin kore da na taɓa yawo da shi shekara uku ina ganin na haɗu.

Auta ta bugo waya daga wajen aikinta, ta ce yaya hannun Mama. Na ce da sauƙi. Ita ma ta ce Alhamdu lillahi. Mu biyu mun iya ƙarya, gado ne.

Asabar, 15 ga Maris

Darasi biyu, duk da kuɗin takarda.

Na ɗaya: firinta na da ra'ayinta. Ta rage murfin don ya shiga shafi, ta bar gindin yadda yake, murfi ya ƙi rufuwa.

Na biyu: na buga a takarda mai sheƙi, na kuma bar adon ya malale har kan kunnuwan. Gam ya ƙi kamawa. Na riƙe kusurwa minti biyar ina addu'a, ina saki akwatin ya buɗe a hankali kamar mai hamma. Gwani ya yi dariya har da tari. Ya ce kunnuwa fari ake bari, kowa ya san haka. Ban san wane kowa ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Na haɗa ɗaya da hannuna, mai shuɗin yadin. Ya tsaya. Na ajiye shi kusa da ita, na buɗe jarida na ɓuya a baya.

Can na ji motsi. Ta ɗauke shi da hagu tana juyawa.

"A ina ka samo yadin nan?"

Na faɗa.

"Ka shiga ɗakina."

Na ce na shiga.

Na ɗauka ƙarƙashin gado zai bi ƙwallo. Sai ta matso da shi kusa da ido. "Furen wannan gefen a kife yake. Na nan kuma a kwance. Kuma dubi kusurwa, rabin fure ya zo nan, ɗaya rabin ya tafi ganin gida. Wa ya koya maka?"

Na ce babu.

"Ya nuna."

Tun da ta kwanta ba ta yi magana mai tsawon wannan ba. An zage ni, kuma na wuni ina murmushi kamar wanda aka yi wa ƙarin girma. Hannun dama dai na kan cinya, bai motsa ba.

Talata, 18 ga Maris

Ta sa na ɓare akwatin na baje shi. Sai na gane abin da ya faru. A baje, kowane gefe wani wuri yake kallo, ni kuma na shimfiɗa hoton gaba ɗaya kamar mai shanya zanin gado. Ana ninkewa sai kowane fure ya kama gabansa.

"Ba a yanka riga haka," in ji ta. "Gaba da yankansa, baya da yankansa, hannu da nasa. Sannan ka duba inda za su haɗu a ɗinki tun kafin ka sa almakashi."

Ta zauna kusa da ni gaban allo. Ina yanko hoton gida-gida, ina juya kowanne, tana cewa ƙara sama, dawo, ya yi yawa, kai wai ba ka da ido ne. Na tuna mata cewa da idon nan muke cin abinci a gidan nan. Ta ce shi ya sa ba mu ƙiba.

Alhamis, 20 ga Maris

Yau ta lalace.

Na bugo wanda muka gyara, furen ya haɗu ko'ina. Ta ce ba ni. Ta ɗauki almakashi da hagu, ta ɗora dama a kan takardar kamar dutse. Almakashin na dama ne, a hagu taunar takarda yake yi. Ta yi ta fama, layin ya yage har cikin fure. Na ce, "Ki gwada da ɗayan hannun mana, ko sau ɗaya."

Da na san haka da na haɗiye. Ta ajiye, ta shiga ɗaki ta rufe. Na ji irin kukan da ban taɓa ji ba ko a asibiti.

Na tsaya a bakin ƙofa da takardar a hannu kamar masinja.

Asabar, 22 ga Maris

Ba ta taɓa komai ba. Na bugo guda biyu masu kyau, babu aibu ko ɗaya. Ta kalla ta ce, "Sun yi," ta juya kai. Ashe mai kyau ba ya jawo ta.

Saura ashirin da uku. Da safe na taya ta sa riga, yatsa na ƙarshe ya fi makon jiya tauri. Ko tsorona ne.

Litinin, 24 ga Maris

Na yi wani abu. Zan rubuta don kada gobe in ce ban yi ba.

Na gama akwati daidai, sannan na koma na kifar da fure ɗaya da gangan, na kuma goce da wani daga kusurwa. Na buga, na yanka, na bar shi a baje inda za ta wuce.

Ba ta wuce ba. Ta tsaya ta yi tsaki. "Jiya-jiya aka nuna maka." Ta jawo kujera. Don ta nuna mini inda bai haɗu ba, dole ta ninke gefen. Ta riƙe da hagu, sai na ga babban yatsan dama ya taso, ya bi layin ninkin da farce, kamar yadda take kwantar da bakin yadi kafin ta kai shi keke. Ita ba ta lura ba. Ni na kafa wa bango ido har idona ya kawo ruwa.

Sau biyu ta yi.

Alhamis, 27 ga Maris

Kullum kuskure ɗaya. Na zama gwani a ɓarna. Jiya launi ya ɗan sha bamban tsakanin murfi da gindi, yau na bar ado a kan kunne ɗaya. Tana faɗa, tana ninkewa, yatsa biyu na kamawa.

Na ba Gwani labari ina jiran yabo. Ya cire tabarau ya ce, "Matar da ta shekara ashirin da huɗu tana auna mutanen da ke riƙe ciki don a ce ba su da tumbi, ita za ka yi wa dabara? Ramin ƙarya ƙurarre ne, abokina."

Na ce wannan ba ƙarya ba ce, magani ne. Ya ce haka duk suke cewa.

Litinin, 31 ga Maris



Ni mutum ne mai tsari, shi ya kashe ni. Shekara da shekaru ban taɓa ajiye aiki ban rubuta masa suna ba: wannan gyara na farko, wannan na ƙarshe. To haka na yi a kwamfutar. Kowane akwati kwafi biyu, a jere tsaf. Ɗaya na rubuta "daidai". Ɗayan na rubuta "na Tela".

Na tashi ɗora ruwan zafi na bar allon a buɗe. Da na dawo tana zaune a gabansa. Ba ta iya kwamfuta ba, amma ta iya karatu.

"Buɗe wannan." Na buɗe. "Buɗe ɗayan." Na buɗe. Ta daɗe tana kallonsu gefe da gefe.

Ba ta ce Jan Biro ba. "Malam," ta ce, "tun yaushe?"

Na ce mako ɗaya.

"Likita ta mai da ni yarinya, na ce aikinta ne. Yayata na zuwa tana yi mini magana da ƙarfi kamar kurma, na ce tausayi ne. Kai kaɗai na ɗauka da gaske kake buƙatata."

Na fara bayanin babban yatsa da layin ninki. Ta kalli hannun kamar wani ya ajiye mata shi, ta tura shi cikin mayafi.

Laraba, 2 ga Afrilu

Gaisuwa kawai. Ina kwana, lafiya lau.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na ba ta haƙuri sau biyu. Na farko ya yi tsawo, ya koma lacca. Na biyu ta ce, "Na ji." Da ta zage ni da ya fi.

Saura kwana goma, hannun na cikin mayafi. In ya sandare, ni na ƙarasa shi, da wayona. Na mayar da hankali kan littafin kaji, marubucin ya ce kaza ba ta mantuwa da wanda ya firgita ta. Ban san ko gaskiya ne ba, na bar masa.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na so in mayar wa Gwani kwamfutarsa. Kafin nan na buɗe zane na uku da likita ta turo, wanda ban taɓa gwadawa ba: akwati mai kusurwa shida, murfinsa yanka shida ne da ke haɗuwa a tsakiya. Na ɗora masa yadin nan mai ratsin kore. Ba don ita ba. Zama haka nan ne ba na iyawa.

Ratsin ya ƙi. In ya haɗu a gefe biyu sai ya rabu a na uku. In na gyara na uku, na farko ya goce. Takarda biyar na ɓata.

Talata, 8 ga Afrilu

Sha ɗaya. Na zagi akwatin, na zagi wanda ya zana shi, na zagi kaina na shekarun baya da ya sayi yadi mai ratsi. A falo nake yi, tana kan doguwar kujera tana jin rediyo. Ban dube ta ba, kunya ba ta bar ni ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na dawo daga aiki na tarar ta jera ɓatattun sha ɗayan a kan tebur, daga na farko zuwa na ƙarshe. Yadda ta gane jerin, ita ta sani.

"Wannan na gaske ne?"

Na ce wallahi na gaske ne, na kasa.

"Ina ɗan'uwansa, mai suna daidai?"

Na ce babu. Ta sa na buɗe mata duka jerin ta karanta da kanta, layi-layi, da yatsa a kan allo. Sannan ta zauna.

"Ba zai taɓa haɗuwa a miƙe ba, ko za ka shekara. Ratsi a irin wannan, a karkace ake yanka shi. Wannan ya kwanta dama, na kusa da shi ya kwanta hagu, su haɗu kamar bakin kibiya."

Na juya su yadda ta ce. A allo ma sai da na ce kai. Murfin ya zama tauraro.

Na fita na bugo. Na ɗauki ƙaramin almakashin zan yanka, ta ce, "Ajiye wannan abin wasan. Shiga ɗaki ka ɗauko nawa, babban, yana aljihun keke."

Na kawo. Ta ɗauki yatsun dama da hannun hagu ta zura su cikin zoben ɗaya-ɗaya. Ba ta ce in juya baya ba, ni ma ban yi kamar ina kallon bango ba. Bakin almakashin ya buɗe, ya rufe. Sau huɗu, kowanne da nishi. Sai almakashin ya suɓuce ya faɗi kan tebur.

"Yaya?" ta ce.

Na duba. Yankan ya bar layi, ya shiga cikin ado kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Bakina ya riga ya shirya cewa ya yi kyau.

Na ce, "Ya kauce."

"Na gani. So nake in ji ko za ka faɗa." Ta yarfe hannun. "Bugo wani gobe."

Asabar, 12 ga Afrilu

Yanka tara jiya, yau sha huɗu. Tana gajiya, hannun na rawa, ta yi kuka kaɗan ta share ta ci gaba. Ni ke ƙarasawa, ita ke ninkewa. Mai kusurwa shidan ya tsaya, ɗan karkace. Ta zuba maɓallai a ciki.

Jibi ne komawa wajen likita.

Litinin, 14 ga Afrilu

Likita ta ce babban yatsa da manuni sun farka, na tsakiya na kan hanya. Biyun ƙarshe ba ta yi alkawari ba. Ta tambayi me muke yi, Tela ta ce, "Ina koya wa wani sana'a, amma kansa da tauri." Za mu koma bayan wata ɗaya.

Ban san ko murna zan yi ba. Uku cikin biyar. Da ɗalibi ne da an ce ya wuce da ƙyar.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Gwani na neman kwamfutarsa, na ce masa mako mai zuwa. Akwai sauran aiki, ba wai ina so ba ne.

Yau rigima muka yi a kan launin murfi. Ita ta ce ja, na ce jan zai danne furen, ta ce wanda ya yi shekara uku cikin ratsin kore ba shi da bakin magana a kan launi. Na gwada mata duka biyun a allo, ta yi ta nuna nan da can, na ƙi sauka, ita ma ta ƙi. Kusan awa guda. Ni ke da gaskiya, amma jan muka buga.

Sai yanzu da nake rubutu na lura ban san da wane hannu ta riƙa nunawa ba. Ban duba ba. Ƙila gajiya ce.

Jan dai ya danne furen.